Mun kafa ƙungiyar masu kiwon zuma, da me za mu cika shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu goma sha ɗaya ne a wani gari kusa da Zariya. Akwai malaman makaranta, da tela, da ma'aikacin asibiti, da manoma biyu. Wasunmu suna da amya ɗaya ko biyu, wasu ko farawa ba su yi ba. Sha'awa ce ta haɗa mu, ba neman kuɗi ba. Mun zaɓi shugaba da ma'aji, mun zauna sau uku, amma yanzu zaman ya koma hira, mutane sun fara janye jiki. Yaya ake riƙe irin wannan ƙungiya, kuma me ya kamata mu riƙa yi daga farkon shekara zuwa ƙarshenta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Abin da ya same ku ya sami kusan duk wanda ya taɓa tara mutane a kan zuma, har da ni. Kun fara da kujera, alhali da amya ake farawa. Mutum ba ya barin shagonsa ko gonarsa ya zo ya zauna a benci don a karanta masa abin da aka tattauna a zaman baya. Amma ka ce masa ranar Asabar bayan la'asar za a buɗe akwati a ga ko zuma ta fara saƙa, za ka same shi ya riga ka zuwa.

Saboda haka aikinku na farko shi ne ku sami wurin kiwo na ƙungiya, ko da akwati uku ne zuwa biyar, wanda ba na mutum ɗaya ba ne, na kowa ne. A can za ku riƙa haɗuwa. Ku nemi wuri mai inuwa, nesa da gidaje da hanyar mutane da makaranta, kuma nesa da inda ake ɗaure dabbobi. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau. Akuyar da take sake idan zuma ta taso mata gudu za ta yi, amma wadda take a turke ba ta da inda za ta, nan za ta mutu, ku kuma ku wayi gari a gaban dagaci. Kafin ku kafa ko akwati ɗaya ku je ku gaida mai unguwa, ku sanar da masu gonakin da ke maƙwabtaka, idan akwai ruga a kusa ku kai gaisuwa wurin arɗo. Idan wurin aro ne, a rubuta a takarda da shaidu, don ranar da zuma ta cika akwati ido yakan canza.

Ku kuma san da irin zumar da kuke hulɗa. Tamu ta Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira Apis mellifera adansonii, tana da zafin rai, tana bin mutum da nisa, kuma idan aka dame ta ko abinci ya yanke mata sai ta kwashe ta bar maka akwati wayam. Bidiyon da kuke gani a YouTube na Bature yana ɗaga saƙa da hannu tsirara, ƙudan na yawo a yatsunsa, wata zumar ce daban. Kalandarsu ma ba tamu ba ce. Su lokacin sanyi ne zumarsu ke kulle a ɗaki tana cin ajiya. Mu kuwa a hunturu da bazara take tara zuma, don a lokacin ne manyan itatuwanmu ke fure, tsakiyar damina kuma shi ne lokacin wahalarta. Duk wanda ya kwafo tsarin shekara daga littafin Ingila ya kawo nan, a kife zai yi aiki.

Batun irin akwati, shawarata ga ƙungiya irin taku ita ce akwatin Kenya, mai sanduna jere a sama, wanda aka ɓullo da shi wajejen 1970 tare da masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada. Kafintan garinku zai iya yin sa, ba ya bukatar injin tatsa, kuma kana iya ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya ka nuna wa ɗan koyo. Akwatin Langstroth, wanda wani limamin coci a Amurka ya yi wa rajista a 1852, ya fi ba da zuma idan an iya shi, amma yana cin kuɗi kuma yana son kafinta mai tsananin kiyaye awo. Ku bar shi sai kun yi shekara biyu. Abu guda da ba a wasa da shi a akwatin Kenya shi ne faɗin sanda: santimita 3.2, ba ƙari ba ragi. Mun taɓa ba wani kafinta aikin akwati shida, ya ga kamar 'yan sandunan sun yi siriri, ya ƙara musu faɗi don ya kyauta mana. Zuma ta shiga lafiya, amma da muka zo buɗewa sai muka tarar ta yi saƙarta a gicciye, ta ɗinke sanda huɗu wuri guda. Ka ɗaga ɗaya, saƙa ta yage, zuma na tsiyaya, 'ya'ya na zuba, ƙudan kuwa suka ce ba su san zance ba. Da gudu muka bar wurin, hular wani ma sai washegari aka ɗauko ta. Tun daga ranar muka yanka ma'auni na ƙarfe guda ɗaya, duk mai son yin akwati ya ara ya kai wa kafintansa. Amfanin haka shi ne sandar akwatin kowa tana shiga na kowa, idan zumar wani ta yi rauni ana iya ɗauko mata saƙar 'ya'ya daga na wani.

Kada kuma ku raina amyar gargajiya. Ku rataye ɗaya a wurin kiwonku, ku nemo dattijon da ya gaji sana'ar ku jawo shi jiki, ko da ba zai biya kuɗin wata ba. Shi ya san itacen da zuma ke so, da ranar da ayarinta ke fara wucewa, da irin turaren da ake yi wa amya ta kama. Ku kuma ku nuna masa yadda ake ɗiba da hayaƙi ba tare da an babbake ƙudan da wuta ba. Ciniki ne mai kyau ga kowa.

Shekarar mai zuma ba daga Janairu take farawa ba, daga kaka take farawa. Da ruwa ya fara ɗaukewa, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, zuma ke fara rabuwa tana neman sabon gida. Kafin lokacin a ce akwatunanku sun kammala, an goge cikinsu, an narka kaki an ja layi da shi a tsakiyar kowace sanda, an shafa kaɗan a bakin ƙofa. Wasu suna murza ganyen ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa a shayi, kuma tana aiki. Ku sa rana guda ku yi wannan tare, kowa ya zo da akwatinsa, don a nan sababbi ke koyon abin da baki ba ya iya bayyanawa. Bayan an kafa, a raba zuwa dubawa, mutum biyu duk mako biyu. Akwatin da babu zuma a ciki ba ya zama haka nan: ɓera zai yi sheƙa, rina za ta yi gida, gizo-gizo zai yi yana, wani lokaci ma maciji ne zai samu masauki. Zuma kuma ba ta shiga gidan da wani ya riga ta.

A Nuwamba, da ciyawa ta bushe, sai aikin gayya na share kewayen wurin kiwo. A nome fili mai faɗi a zagaye, a kwashe ciyawar a kai nesa. Masu farautar ɓera da gafiya ba sa tambayar akwatin wane ne kafin su kunna wuta, kuma katako da kaki abincin wuta ne. Wannan aikin na yini ɗaya ne, amma shi ke raba wanda zai sha zuma da wanda zai kwashi toka.

Da hunturu ya kankama, babbar hidima ruwa ce. Gawo ya riga ya yi fure tun farkon rani, mangwaro da kaɗanya na biye, ɗorawa da darbejiya na tafe, abinci ya samu, amma tafkuna sun fara ƙafewa. Idan ba ku ba zuma ruwa ba, za ta nemo da kanta a bakin rijiya da famfo da randunan mutane, ta kuma sauka a kan dusa da gari a wurin injin niƙa. Daga nan ƙorafi ke farawa. Ku ajiye baho a inuwa kusa da akwatunan, ku zuba duwatsu ko karare a ciki don ƙudan su samu wurin tsayawa kada su nutse, a kuma yi jerin wanda zai riƙa cikawa. Ku fara tun kafin ta saba da rijiyar maƙwabta, don idan ta saba da wuri da wuya ta sauya.

Lokacin nan ne kuma na karatu a bakin akwati. Sau ɗaya a wata ya isa, kada ku mai da buɗewa wasa, don yawan damu na sa ta ƙaura. Ku je da la'asar sakaliya, mutum huɗu ko biyar kawai su matso, sauran su tsaya nesa, wata mai zuwa a yi musanya. A tsaya ta bayan akwati, a busa hayaƙi kaɗan a ƙofa, a jira, sannan a fara daga sandunan baya. Abin da za a koya wa ɗan koyo shi ne karanta saƙa: wannan zuma ce da aka rufe da farin kaki, wannan 'ya'ya ne da murfinsu ya fi duhu, wannan ƙurar fure ce. Ba sai an ga sarauniya ba. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3, saboda haka idan ka hango ƙananan fararen ƙwai a gindin ramuka, ka san tana nan cikin kwanakin nan. Sakatare kuma ya zo da littafi, kowane akwati da lambarsa da shafinsa: ranar da zuma ta shiga, saƙa nawa, halinta, abin da aka ɗiba. A bayan littafin a riƙa rubuta ranar da kowane itace ya fara fure a yankinku. Bayan shekara uku wannan shafin zai fi muku duk wani littafi da za ku saya, don na garinku ne.

Tunda kuna da ma'aikacin asibiti, ku ba shi aiki na musamman. Shan zuma sai da harbi, wannan kowa ya sani, kumburi da zafi a wurin harbin ba abin tsoro ba ne. A kankare ƙarin da farce ko bakin wuƙa da sauri, a busa hayaƙi a wurin don warinsa na kiran sauran. Amma akwai mutanen da jininsu bai ɗauki dafin ba sam. Idan aka harbi mutum sai ka ga leɓe ko harshe na kumbura, numfashi na sarƙewa, jiki ya feso da ƙuraje ko jiri na ɗibarsa, wannan ba na jiƙo ba ne ko shafa manja, asibiti za a nufa nan take, allurar adirenalin ce maganinsa. Saboda haka ba a buɗe akwati sai da babur ko mota a kusa, kuma ba a zuwa mutum ɗaya. Duk sabon shiga a tambaye shi ko an taɓa harbinsa da yadda jikinsa ya yi. A kuma hana zuwa da turare a jiki. Na sha fama da wannan ranar Juma'a, mutum ya taso daga masallaci yana ƙamshi ya ce zai leƙa akwati. Telanku kuma ga aikinsa: rigar kariya mai haɗe da raga, da farin yadi mai kauri. Ƙungiya ta mallaki uku ko huɗu tare da gwangwanin hayaƙi biyu, a ajiye wurin mutum ɗaya, mai ara ya sa hannu ya kuma dawo da su a wanke.

Daga wajejen Maris zuwa farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka, shi ne babban ɗiba a yankinku. Wasu shekarun akan samu ƙarami a ƙarshen kaka, amma kada ku sa rai da shi a akwatin da bai shekara ba. A nan ne ƙungiya ke yin daɗi, a nan ne kuma take fashewa. Ku yanke yadda za a raba zumar akwatunan ƙungiya tun kafin a buɗe su, a rubuta, kowa ya ji. Mu shekararmu ta biyu ba mu yi haka ba. Aka ɗebo bokiti biyu, sai ga wanda tun kaka ba a ga ƙeyarsa ba ya iso da galan, yana cewa ai shi ma ya biya kuɗin wata. Wanda ya yi ta jigilar ruwa a kan keke duk hunturu ya ce sai dai a raba shi da ransa. Sai da muka yi zama biyu kafin a shirya, kuma mun rasa mutum ɗaya har yau. Abin da muka tsayar daga baya shi ne kashi uku: ɗaya a sayar kuɗin ya shiga asusu, ɗaya a raba bisa yawan fitowa aiki kamar yadda littafi ya nuna, ɗaya kuma na kyauta, ga mai filin, da mai unguwa, da maƙwabtan gona. Kwalbar da ka kai wa maƙwabci ita ce mai gadin akwatinka, don ɓarawon zuma ba daga nesa yake zuwa ba.

Wajen ɗiba, saƙar da aka rufe da kaki kawai ake yanka, aƙalla kashi uku cikin huɗu nata a rufe. Wadda take buɗe ba ta nuna ba, ruwa ya yi mata yawa, za ta yi tsami ta yi kumfa a kwalba. Ma'aunin duniya bai yarda ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Saƙar 'ya'ya ba a taɓa ta, kuma a bar musu saƙar zuma biyu ko uku, don damina na tafe. Idan duhu ya kama ku, ku rufe bakin tocila da jan ƙyalle, ƙudan zuma ba sa ganin ja sosai, farin haske kuwa kansa suke yi. A zuba a bokiti mai murfi wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ko manja ba. A gida a farfasa saƙar, a ɗaure farin ƙyalle mai tsabta a bakin wani bokitin, a bar ta ta tsiyaye da kanta cikin ɗaki a rufe. Kada a ɗora ta a wuta. Dafawa na ƙona ƙamshinta, ya baƙanta ta, ya kashe abin da ake nema a cikinta.

Bayan an gama, ku sa ranar ɗanɗano. Kowa ya kawo 'yar kwalba daga akwatinsa, a jera ba suna sai lamba, a ɗanɗana a zaɓi gwani. Za ku sha mamakin yadda zumar gari ɗaya ke bambanta, wata fara, wata ja, wata har da ɗan ɗaci-ɗaci. Ku gayyaci mutanen gari, don dama ce ta gyara wasu kurakurai. Zumar da ta daskare ta yi tsaki-tsaki ba lallai an haɗa ta da sukari ba ne, halin zuma ne, wata ma ta fi saurin yi. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa ba hujja ba ne, mai algus ya san su ya kuma san yadda zai tsallake. Sannan a gaya wa iyaye mata kada a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Na san wannan yana karo da al'adar wasu gidajen, shi ya sa ya fi kyau ma'aikacin asibitinku ya faɗa da bakinsa. In kuma wata rana kuka kai ga liƙa takarda a kwalba kuna kaiwa kantuna, to sai da rajistar NAFDAC, amma wannan ba na bana ba ne.

Ranar 20 ga Mayu ita ce Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2017 bisa shawarar ƙasar Sulobeniya, aka fara yi a 2018. Ni ba mai son biki ba ne, amma ranar ta faɗo mana daidai, ana shirin shuka. Malaman cikinku su kai akwati marar ƙuda da saƙa da rigar kariya makaranta, a karanta wa yara aya ta 68 da 69 ta Suratun Nahli, a bar su su taɓa kaki. Manoman cikinku kuma su tara 'yan'uwansu a yi maganar feshi. Ba za ka hana mutum fesa wakensa ba, kuma bai kamata ka gwada ba. Roƙon shi ne ya yi feshin da yamma lis bayan ƙudan sun koma, ya guji lokacin da fure ke buɗe, ya kuma aiko da saƙo kwana ɗaya kafin nan. Zuma na tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman abinci, don haka ba maƙwabcin kusa kaɗai ake nufi ba.

Damina lokacin tsaro ne. A duba rufin kowane akwati kada ya yi yoyo, a sare ciyawar da ta taɓo shi don gada ce ga kwarkwasa da tururuwa, a sa ƙafafun teburin da akwatin ke kai cikin gwangwani mai baƙin mai, ko in a rataye yake a shafe wayar da giris. Akwatin da ya yi rauni a cire masa tsofaffin saƙar da ƙudan ba sa rufewa, in ba haka ba tsutsar kaki za ta cinye su ta bar yana. Akwatin da aka ji nauyinsa ya ragu sosai a ba zumarsa ruwan sukari, awo ɗaya na sukari awo ɗaya na ruwa, a cikin akwatin da yamma, ba a waje ba. Duk da haka wata za ta gudu. Kada mai ita ya karaya, a share akwatin a jira kaka.

Sauran lokacin na aikin inuwa ne. Kakin da mutanenmu ke tsotsewa su tofar kuɗi ne. A narka shi cikin ruwan zafi, a tace da buhu, a bar shi ya huce ya taso sama. Ba a ɗora shi kai tsaye a wuta, yana kamawa. Da shi za ku yi tarkon kaka mai zuwa, wato shafa kaki a akwati don jawo zuma, da kyandir, da man shafawa idan aka haɗa da man kaɗe. Nan ne matan gidajenku za su shigo, waɗanda fita daji da magariba ba ta yi musu ba, kuma ku ba su kasonsu na kuɗin, ba godiya kawai ba. Yuli da Agusta kuma a dasa itatuwa: mangwaro, kashu, zogale, magarya, ɗorawa ga mai haƙuri.

Babban taron shekara ku sa shi a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, kafin aikin tarko. Ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa, a ƙirga kayan aro, a yi zaɓe, a tsayar da ranakun shekara mai zuwa tare da duba inda azumi da salla za su faɗo, don ɗibar zuma cikin rigar kariya a zafin Afrilu da ƙishirwar azumi ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin wata ya zama kaɗan, wanda mafi ƙarancin samu a cikinku zai biya ba tare da ya ji kunya ba, kuma kada a fitar da ko sisi sai da hannun mutum biyu. Zauren WhatsApp ɗinku a taƙaita shi ga zuma, siyasa da tallan atamfa a kai wani wurin.

Rajista da ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jiha tana da amfani, musamman don buɗe asusun banki, amma ku bari sai kun ɗebi zuma sau ɗaya tare. Da zarar an ji kalmar rajista, za ku ga baƙin fuskoki sun cika benci suna tambayar yaushe tallafi zai fito. Mu sharaɗinmu guda ne ga mai son shiga: ya fito aiki sau uku a wurin kiwo kafin a rubuta sunansa. Mafi yawan masu jiran tallafi a fitowa ta farko suke tsayawa, musamman idan ranar zuma ta tashi da faɗa.